Sabuwar Kujera A Tsohuwar Mota

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri, lalle ne ya ratsa garuruwa uku na Jihar Kebbi, ɗaya bayan ɗaya, watau Aliero, sa'an nan Jega, sa'an nan Maiyama. Aliero ta yi suna da abu biyu, noman albasa da ɗori. Jega kuwa garin kasuwa ne tun zamanin fatake da jakuna, tana bakin Gulbin Zamfara, nan ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta rabu. Maiyama na kudu da ita, kan hanyar Koko. Idan albasa ta nuna, manyan motoci ne ke kwasarta zuwa Ikko da Anacha da sauran garuruwan Kudu. Amma kafin buhu ya kai bakin babbar mota, sai ƙaramar mota ta shiga fadama ta fito da shi. Wannan ƙaramar mota ita ce a-kori-kura. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne, waɗansu ma sun girmi yaran da ke binsu.

Akwai wani direba mutumin Maiyama da ke da irin wannan mota. Peugeot 504 ce, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, a ma'aikatar da aka buɗe cikin 1975, wadda ta daina fid da 504 wajen 2006. Da ita yake ci da iyalinsa, ba shi da wata dukiya da ta wuce ta sai 'yar gonar gero. Inji ya sha gyara, amma yana ja. Abin da ya gaji ƙwarai shi ne kujerar direba. Sosonta ya lotsa, ƙarafan ciki sun fito, har sai da ya riƙa ninka tsohon buhu yana ɗorawa kafin ya zauna. Sannu a hankali ciwon baya ya kama shi. Idan hunturu ya shigo, ya fita da asuba cikin sanyi, kafin ya isa Aliero sai yaronsa ya kama masa hannu ya sauko.

Da abin ya tsananta, sai ya tafi wurin wani maɗori a Aliero. Maɗori ya kwantar da shi, ya bi ƙashin bayansa da yatsa gaɓa gaɓa, sa'an nan ya ce, "Malam, ba karaya, ba targaɗe. Mene ne sana'arka?" Ya ce tuƙi. Maɗori ya ce, "To, je ka duba abin da kake zama a kai. In kuwa ciwon bai sauka ba, ka tafi asibiti, wannan ba aikin kara da tsumma ba ne."

Ba a yi mako biyu ba sai ya ga waɗansu kujeru biyu a shagon wani mai sayar da kayan mota na hannu a Jega. An kawo su daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, an ciro su daga wata motar Turai da ta yi haɗari. Fata ce baƙa, mai taushi. A gefen kowace akwai 'yan makunnai. Mai shago ya ce in an danna wannan kujera ta matsa gaba ko baya, in an danna wancan ta tashi ko ta sauka, kuma a cikinta akwai wata waya mai ɗumama bayan mutum. Da direba ya ji zancen ɗumi, bai ƙara neman wani bayani ba. Ya yi ciniki, ya biya, aka ɗora masa su a bayan mota.

Irin wannan kujera ba yau aka fara ta ba. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da mota mai kujerar ɗumi cikin 1966. Cikin 1972 kamfanin Saab na ƙasar Suwidin, inda sanyi ke daskarar da ruwa, ya mai da ita abin da mota ke fitowa da shi daga ma'aikata. Amma kowace kujera an yi ta ne domin motar da aka sa ta a ciki. Wayoyin motar, da injin cajinta, da ƙarfen daɓenta, duk an auna su daidai da nauyin da kujerar za ta ɗora musu. Idan aka cire ta aka kai wata mota da ta girme ta da shekara ashirin, duk wannan awo ya tashi, sai an sake sabo.

Yaron motar ɗan ƙanwar direban ne, saurayi mai kaifin hannu, ya taɓa zama gareji wata shida. Da ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga wayoyi, sai ya ce, "Kawu, wannan ai aikin sa'a ɗaya ne. Ga wayar da ke kai wa rediyo wuta, mu feɗe ta mu ɗaura ja a kai, baƙa kuma mu maƙale ta a jikin mota. Gobe da asuba kana kan sabuwar kujera." Maganar ta yi wa direba daɗi, domin lokacin kwasar albasa ne, kuma duk ranar da mota ta kwana gareji, lodin da aka yi alkawari wani zai ɗauka. Amma ya tuna ya taɓa ganin mota ta kama wuta a bakin hanya, mai ita yana tsaye yana ɗiban ƙasa da hannu yana watsawa. Saboda haka ya ce su fara nuna wa mai gyaran wayar mota, wanda direbobi ke kira rewaya.

Wannan rewaya dattijo ne a Jega, ya daɗe cikin sana'ar. Ya sa aka kifa kujera bisa tabarma, ya ɗauki lokaci yana duba wayoyin bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Alhaji, aikin kwana biyu ne. Ɗumin kuwa sai ya jira, watakila mako guda." Yaro ya yi dariya, ya ce waya biyu ce kawai. Dattijo bai yi fushi ba, ya ce masa, "Samari, ka taɓa ban-ruwa a gonar albasa?" Ya ce ya taɓa. Dattijo ya ce, "To, zauna."

Ga abin da ya bayyana musu. Wutar mota kamar ruwan ban-ruwa take. Batir shi ne rijiya, waya ita ce tiyo. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ake kira bolt, ƙaramar mota bolt 12 take aiki da shi, manyan motocin kaya kuwa galibi bolt 24, don haka kujerar ƙaramar mota ba ta shiga babbar mota kai tsaye, sai ta ƙone. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ake kira amfiya. Tiyo siriri in aka matsa masa ruwan da ya fi ƙarfinsa sai ya fashe. Waya siririya kuwa ba fashewa take ba, zafi take yi, robar bayanta ta narke, ta lasa wa abin da ke kusa wuta. A ƙarƙashin kujerar akwai ƙananan injuna uku ko huɗu masu motsa ta. Sa'ad da suke tafiya sumul ba su jan wuta da yawa, amma in kujera ta kai ƙarshen layinta mutum bai saki makunni ba, inji ɗaya yakan ja amfiya 20 ko fiye. Wayar rediyon tsohuwar mota ba a yi ta don wannan ba. In ta yi zafi, a bayan allon gaban mota za ta yi shi, inda ido ba ya gani, kuma babu wanda zai sani sai hayaƙi ya fito.

Saboda haka ya ce kujera sai an ja mata tata waya daga bakin batir, mai kauri, irin wadda masu sayarwa ke kira milimita 4. Kuma kafin wayar ta yi nisan taƙi ɗaya daga batir, sai an sa mata fis. Yaro ya ce me zai hana a sa fis ɗin kusa da kujera, inda hannu zai kai da sauƙi. Dattijo ya ce fis ba kujera yake tsaro ba, waya yake tsaro. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai gadi. In ta goge ta taɓa ƙarfe a nan, batir zai juye mata wutarsa duka, ta yi ja kamar ƙarfen maƙera. Ya ɗauko 'yan fis daga cikin gwangwani ya zube a tafin hannu, ya nuna musu lambar da ke kan kowanne, da launinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ya ce fis wuri ne da aka raunana da gangan, domin in ɓarna ta zo ta tsaya a kansa. Manomi ma yakan bar wa ruwa mafita a gefen kunya, don kada ya cinye gonar duka.

Sa'an nan ya nuna musu wani soket rawaya da ke rataye shi kaɗai. Ya ce, "Wannan kada kowa ya kai masa wuta, ko ƙwan gwaji kada a taɓa shi da shi." A cikin gefen kujerar akwai jakar iska, wadda ke kumbura farat ɗaya in mota ta yi karo, don ta kare haƙarƙarin mutum. Kamfanin Volvo ne ya fara sa irinta cikin kujera a 1994, yanzu kuwa ta zama ruwan dare. Abin da ke kumbura ta wani ɗan sinadari ne mai tashi kamar albarushi, wuta kaɗan ta ishe shi. Masu ƙera mota sun saba yi wa wayarta da soket ɗinta launin rawaya don gargaɗi. Tsohuwar mota ba ta da na'urar da za ta ji karo ta ba jakar umarni, don haka jakar ba za ta yi wa direban Maiyama wani amfani ba. Amma in mai neman wayar inji ya bi wayoyi ɗaya ɗaya yana ɗana musu batir, ya faɗa kan rawaya, jakar za ta tashi a fuskarsa. Dattijo ya naɗe soket ɗin da tef, ya ɗaure shi can sama. Yaro dai tun daga nan bai ƙara dariya ba.

Wajen injunan motsi sun yi sa'a. Waɗansu kujerun zamani suna da ƙaramar kwamfuta a ƙarƙashi, mai tuna yadda kowane direba ke son zamansa, kuma irin waɗannan sau da yawa ba su motsi sai sun ji saƙo daga babbar kwamfutar motarsu. Wannan kuwa makunnanta kai tsaye suke ba injuna wuta, abin da take bukata waya biyu ne, mai kawo wuta da ta at, watau mai komawa jikin ƙarfen mota. Ashe yaro bai yi kuskure wajen ƙidaya ba, wajen kauri da tsaro ne ya yi.

Ɗumin ne ya zo da magana. A ƙarƙashin fatar akwai wani ƙyalle da aka saƙa siririyar waya a ciki, ita ke yin zafi, tana jan amfiya 3 zuwa 6. Tare da ita akwai ɗan ma'aunin zafi kamar ƙwayar gero. Shi ke gaya wa na'urar da ke sarrafa ɗumin cewa ya isa, ta yanke wuta, in ya huce ta mayar. Amma wannan na'ura da makunninta ba su zo da kujera ba, an baro su jikin motar da aka farfasa. Direba ya ce, "Malam, ni fa don ɗumin nan na saya. Ba za a haɗa shi haka nan ba, in ya yi zafi in kashe da hannuna?" Dattijo ya ce, "Alhaji, ranar da ka manta fa? Ko ranar da ka sauka salla ka bar shi? Soso ne a ciki, in ya kama ba ya jiran kowa. Ni dai hannuna ba zai yi wannan aiki ba." Direba ya yi shiru, ransa bai so ba. Daga baya ya ce a aika Kano. Mai shago ya yi waya Ƙofar Ruwa, aka shiga neman makunni da na'urar irin wannan kujera.

Kafin su iso, dattijo ya yi wani lissafi a bayan kwali. Altaneta, watau injin da ke cajin batir in mota na tafiya, a tsofaffin motoci da yawa ba ya ba da fiye da amfiya 40 zuwa 55, alhali na motocin yanzu yakan wuce 100. Ya ce in an raba wat da bolt sai a sami amfiya. Fitilun gaba biyu, kowace wat 55, sun tashi amfiya 9 da 'yan kai. Ya ƙara fitilun baya, da wutar da inji ke ci, da fanka, da rediyo. Abin da ya rage ya ishi ɗumin kujera ɗaya a sake, amma biyu sai a matse, musamman da asuba, lokacin da fitilu ke kunne kuma mota na tafiya sannu cikin fadama. Ga shi kuma da aka auna, gidan gaban 504 ba shi da faɗin da zai ɗauki kujerun nan biyu ya bar wurin mutum na uku. Sai aka tsaya kan kujerar direba kaɗai, ta biyun aka mayar wa mai shago ya rage wani abu.

Rana ta farko ta ƙare wurin mai walda. Ramukan ƙafar sabuwar kujera ba su yi daidai da na tsohuwa ba, kuma ta fi ta tsawo, har kan direba na neman taɓa rufi. Mai walda ya so ya ɗiga mata walda a daɓe a wuce wurin, dattijo ya hana. Aka yanko ƙarfe mai kauri aka yi mata gindi gajere, aka huda daɓen mota, aka sa faranti na ƙarfe ta ƙarƙashi a kowane rami, don kada ƙusa ta yage tsohon daɓe in an yi karo. Ƙusoshin kuwa sai da aka karanta kansu, aka zaɓi masu lamba 8.8, aka ƙi waɗanda ba su da lamba. Bel ɗin ɗaura jiki aka bar na motar a inda ma'aikata ta kafa shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, amma bel ba ya tsare mutumin da kujerarsa ta tumɓuke.

Rana ta biyu aka yi wayarin. Dattijo ya fara cire kan batir na at, ya ce wannan shi ne bisimillar aikin wuta. Ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis kore, ya bi da ita ta ramin da ke bangon inji, ya sa zoben roba a ramin don kada bakin ƙarfe ya ci ta. Wurin at ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaure. Bai murɗa waya da waya ya naɗe da leda ba, kowane gami sai da ya matse shi da kan ƙarfe. Ya bar wa wayar ɗan sako-sako a ƙarƙashi, domin kujera mai tafiya ce, ya tura ta gaba ƙarshe, ya mai da ita baya ƙarshe, yana duban ko wayar za ta ja. Da kayan Kano suka iso bayan kwana takwas, ya ja wa ɗumi tasa waya dabam da jan fis, ya bi da ita ta cikin rile. Rile makunni ne da wuta ke dannawa. Ya haɗa ƙafarsa mai lamba 30 da batir, mai lamba 87 da na'urar ɗumi, mai lamba 85 da jikin mota, mai lamba 86 kuwa da wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Ta haka in an kashe mota ɗumi ya mutu, ba zai kwana yana shan batir ba.

Wajen wata guda bayan haka, sun yi lodi a Aliero sun kamo hanyar Jega da duku-duku, direba ya danna makunni don ya ɗan tashi bayan kujera, sai shiru. Suka tsaya, yaro ya haska fitila, ya ciro fis kore, ya ga ya ƙone. Ba su da wani. Yaro ya ce, "Kawu, bari in naɗa masa 'yar waya, ko takardar kwalin sigari, haka kowa ke yi." Gaskiya ne, haka da yawa ke yi, kuma haka motoci da yawa suka ƙone. Direba ya ce, "Bar shi. Ba banza ya mutu ba. Kujera dai ba ta hana mu tafiya." Da suka isa Jega dattijo ya leƙa, sai ga jak an cusa shi ƙarƙashin kujera. Ya ture wayar ta hau kan layin da kujera ke gudu, layin ya datse robar, jan ƙarfen ciki ya taɓa jikin mota. Da an naɗa wa fis waya, da wannan wuri ne zai yi ja, a ƙarƙashin soso, da mutum a zaune, da albasar mutane a baya. Aka gyara wayar, aka sa ta cikin bututun roba, aka sa sabon fis wanda kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba. Direba ya sayi uku ya jefa cikin aljihun mota, jak kuwa aka koma da shi bayan kujera.

Kada mai karatu ya ɗauka kujerar ta zama magani. Ciwon bayan ya ragu ƙwarai, har direba ya koma sauka da kansa, amma mafi yawan sauƙin daga kyawun zama ya zo. Ɗumin kuwa amfaninsa wata biyu ne ko uku a shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, baƙar fata ta zama abin gudu, sai da ya shimfiɗa mata tawul. Har wa yau ɗumin kujera ba na kowa ba ne. Mai ciwon sukari, ko wanda fatarsa ba ta jin zafi sosai, yana iya ƙonewa bai sani ba, don haka a kunna shi kaɗan a kashe.

Tsofaffin motoci ba za su ƙare a hanyar Jega nan kusa ba, domin sabuwa ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari, kayan motocin zamani kuwa kullum sai ƙara shigowa kasuwa suke. Yau kujera ce, gobe fitila mai haske ce ko na'urar sanyi. Ba laifi ba ne mutum ya nemi jin daɗi a wurin da yake yini yana neman abinci. Abin da ake so shi ne, kafin ya ɗora wa tsohuwa sabon kaya, ya tambaya nawa kayan ke ci, nawa kuma ita take iya bayarwa, ya karanta lambar da ke kan fis da kan ƙusa, ya ba mai sani kwanakin da ya nema. Kowane mai jaki ya san wannan tun kafin a yi mota, ba ya ɗora mangala sai ya dubi bayan jakinsa. Allah ya tsare matafiya, ya sa a sauka lafiya.